Ƙusoshin Nagoda

A shekarun da motocin Zariya ba su fi a ƙirga da yatsu ba, motar wani Baturen gyaɗa ta tsaya cak a Tudun Wada, dab da maƙerar Nagoda. Ƙusoshin da ke riƙe da ƙafar baya ne suka gutsire. Baturen ya ari doki ya wuce, ya bar direbansa Kefas da jinya.

"Baba, in ka ƙera mini irinsu," in ji Kefas, "kafin maigida ya dawo zan kai ka Hanwa in dawo da kai."

Nagoda dai ko jaki bai cika hawa ba, amma ya daɗe yana son shiga mota, so irin wanda dattijo ke jin kunyar faɗa. Yana dukan ƙarfe hankalinsa yana kan hanya, itatuwa na gudu da baya, masu tallar fura sun saki baki. Ya fitar wa ƙusoshin haƙora da magagari, tsaf. Don ya kyautata, sai ya yi musu gatan da yake yi wa aska: ya mayar da su wuta suka yi jajir, ya tsoma a ruwan sanyi.

Ya je gida ya sako rigar Sallah. Kefas ya kama sufana ya ɗaure, ƙusa ta ce ƙas, kamar busasshen kara. Ta biyu ma haka. Taurin ya yi yawa.

Abin ya yi wa Nagoda ciwo ƙwarai. Ya tuɓe rigar ya ƙera wasu, ya binne su a toka su huce a hankali. Toka kuwa ba ta san sauri ba.

Kefas ya dube shi, ya buɗe ƙofar motar. "Shiga ka jira a ciki, Baba."

Ya zauna, motar na kan gungume da ƙafa uku. Kujerar ta karɓe shi da laushi, tana ƙamshin fata da fetur. Ya lumshe ido. Ya wuce Hanwa, ya wuce gonakin dawa, ya kai garuruwan da fatake kawai ke ba da labarinsu.

Haniniyar doki ce ta dawo da shi, Baturen ya iso. Nagoda ya sauko, ya tone tokar, ya riƙe wa Kefas ƙafar har aka ɗaure. Ƙusoshin suka riƙe gam, motar ta tafi ba shi.