Ɗan Kafinta Bai Ci Gwajin Baftisma Ba

…kuma wai shi za a koya wa haƙuri? Shi, dattijon ikilisiya, da duk bencin da ake zama a kai a majami'a daga hannunsa ya fito? Yana goge katako, garin zarto na hawa masa gira, ransa na tafasa. Fasto ya sakar masa magana: "Baba, kai ke gwada masu baftisma. In ka ce ɗanka ya isa, ran Lahadi ya shiga ruwa."

Ya isa? Ina! Ƙato da gemu, an tambaye shi mene ne alheri, sai sosa ƙeya yake, "Baba, na ji shi a raina, faɗar ce…" Faɗar ce me? Shi fa yana ɗan saurayi, sau ɗaya aka karanta masa, ya haddace tsaf, har mai koyarwa ya miƙe ya ba shi hannu. Kai ne da shi, Allah ya ba shi, ba zai ɓoye ba. A ce ya ɗaga wa nasa ƙafa? Sunansa fa?

Ga ɗan can a bakin shago, ya riƙe hula, yana jira. Tsayuwar uwarsa sak, marigayiya, ita ma haka… a'a, bar wannan.

Ko makon jiya ya ba jama'a dariya da labarin almajiran Yesu. Mutanen da suka ga an ƙosar da dubbai, suka shiga jirgi suna cacar baki wai sun manta gurasa! Ƙwaƙwalwa kamar ɗanyen katako, ƙusa ba ta kama ta. Ya iya ba da labarin nan, wa ya kai shi? Ubangiji ya tsawata musu, sannan ya…

Sannan ya me?

Hannunsa ya tsaya. Sannan… suka ci gaba da tafiya. Tare. A jirgi ɗaya. Bai sauke ko ɗaya a gaɓa ba, bai ce su je su dawo in sun gane ba. Shekara nawa yana karanta wurin nan? Ya aka yi bai taɓa… shi da sau ɗaya ake faɗa masa abu?

"Baba," in ji ɗan, a hankali, "in bari sai baɗi ko?"

Shi uban, amsa a bakinsa take kullum. Ya buɗe bakin, sai ya ji shi ma yana sosa ƙeya.