Inda Allura Take Tsallakewa

Daminar bana ta rushe katangar ɗakin ajiya a gidan Hajiya Saude da ke Kibiya, dole aka kwashe kayan ciki. A ƙasan wata tsohuwar adaka aka tarar da faya-fayan garmaho na marigayi mijinta, Malam Isiyaku direba, naɗe cikin zanen saƙi. Rahma, autarta, wadda take aikin tace murya a wani gidan rediyo a Kano, ta zo hutun ƙarshen mako ta gan su jingine a rumfa.

"Inna, kada a jefar da waɗannan. Zan iya mayar miki da su cikin waya."

"Me ya rage a cikinsu? Tun babanku na da rai ƙarar soya gyaɗa ta fi waƙar yawa."

Rahma dai ta koma Kano, mako na zagayowa ta dawo da garmahon lantarki da ta aro da kwamfutarta. Saude na zaune a kan tabarma tana kallonta tana wanke faya-fayan da ruwa da ɗan sabulu, tana bin zagayen layin da tsumma mai laushi, ta jera su a inuwa don kada rana ta lanƙwasa su.

Ɗaya ne Saude ta miƙa hannu ta ɗauka. Na Sule Lausu ne mai kukuma, wanda ya yi wa direbobin tashar Rano waƙa shekarar da aka kawo ta gidan nan amarya. Isiyaku ne ya kai shi Kano da 'yan amshinsa aka ɗauki waƙar. Da faifan ya fito, a hanyar kawo shi gida ya zame daga kujerar mota ya karce, tun daga nan kuwa in allura ta zo wurin sai ta yi tsalle ta faɗa baiti na gaba. Isiyaku yakan ɗaga yatsa ya ce, "To nan ne fa aka ambace ki." Ita kuma ta ce ya cika zolaya, wane mawaƙi ne zai san da ita. A haka 'ya'yansu suka haddace waƙar, har tsallen suke yi da baki in suna rera ta.

Rahma ta ɗora faifan, ta jona shi da kwamfuta. Kukuma ta tashi cikin ƙaraf-ƙaraf da ɓas-ɓas, Saude ta gyara zama. Ta tuna yammacin Juma'a, an yayyafa wa tsakar gida ruwa, matan maƙwabta sun shigo da sunan aron turmi alhali sauraro ya kawo su.

"Kin ga waɗannan masu tsini kamar ƙaya?" Rahma ta nuna mata zanen sautin a fuskar kwamfuta. "Kowane ɗaya karce ne ko ƙura. Akwai inda zan danna ya kwashe su gaba ɗaya, amma sai ya haɗa da kaifin kalangu. Gara na bi su da hannu."

Haka ta wuni tana tsince su, Saude ta ce aikin ya yi mata kama da tsintar tsakuwa a shinkafa. Da suka iso wurin karcen, allura ta yi tsallenta na kullum. Rahma ta mayar da ita baya, ta tallafi hannun garmahon da ɗan yatsa kaɗan don ya bi layinsa. Ta gwada ta sake gwadawa, tana samun guntu nan, guntu can, ta jona su. Sai bayan la'asar ta cire abin sauraron daga kunnenta, ta juyo wajen Saude.

"Inna, matso."

Muryar Sule ta fito tas, yana wasa direbobi ɗaya bayan ɗaya. Ya zo kan Isiyaku, sai aka ji wani daga gefe, nesa da makirufo, ya ɗaga murya yana dariya: "Sule, ka manta da amarya! Saude sunanta!" Mawaƙin ya yi 'yar dariya, ya ja kukuma ya saka sunan, 'yan amshi suka karɓa.

Saude ta ja mayafi ta rufe bakinta. Muryar Isiyaku da ta rage mata a ƙwaƙwalwa ta tsoho ce mai tari. Wannan kuwa ta saurayi ce, siririya, mai rawar kai, ta manta sam ya taɓa yin irinta.

"Ji rashin kunya," ta ce, idonta ya kawo ruwa. "A gaban mutane. Sake sa min."

Rahma ta tura wa yayyenta ta waya. Kafin magariba yayanta Khalid ya kira daga Fatakwal, ya ce matarsa ta rantse shi ne yake magana a faifan, ba babansa ba.

Washegari da hantsi sai ga sallamar Ɗanmalam, wanda ya yi wa Isiyaku yaron mota, yanzu tsoho ne da sanda. Labari ya riske shi a Zurgu, ya hau acaɓa ya taho. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, Rahma ta kunna masa. Ya saurara yana girgiza kai.

"Allah ya jiƙan maigida. Ai ina wurin, Hajiya. Bature mai ɗaukar sautin har ya fusata, ya ce a sake daga farko, Sule ya ce shi ba ya maimaita waƙa. Kin san ma saura kaɗan ba mu isa ba? A Bunkure taya ta fashe, muka sauke makaɗa a gindin tsamiya."

Saude ba ta taɓa jin wannan ba. Ta ce wa Rahma ta dama masa fura, ta jawo kujerarta kusa da ƙofar zauren.

"To, sai aka yi yaya?"