Soso a Kafaɗar Hagu

Mai ɗinki ta shiga makarantar 'yarta da tef ɗin awo rataye a wuya, ko mayafi ba ta gyara ba. Labari ya iske ta a kan keken ɗinki: wai an jera 'yan mata ana duba musu baya.

"Wa ya ba ku izinin taɓa min yarinya?" ta ce tun daga bakin ƙofa. "Lafiyarta ƙalau!"

Nas ɗin da ke bayan labule ba ta ɗaga murya ba. "Sannu da zuwa, Mama. Ba ma taɓa kowa sai uwa ta yarda. Tunda kin zo, ki duba da kanki."

'Yarta Auta, mai shekara goma sha biyu, ta haɗa tafin hannu ta sunkuya kamar yadda aka nuna mata. Haƙarƙarin dama ya taso ya bar na hagu a ƙasa.

Mai ɗinki ta ƙura wa bayan ido. Tun bara rigunan Auta ke fitowa a karkace. Ita kuwa, macen da ba a taɓa dawo mata da ɗinki ba, ina za ta yarda a yi da ita a unguwa? Sai ta riƙa cusa soso a kafaɗar hagu, tana rage gindin rigar ta gefe ɗaya. Gwaninta ta yi yawa, har ta ɓoye wa kanta bayan 'yarta.

Ranar ba ta koma shago ba. A asibiti aka ɗauki hoton ƙashi, likita ya ɗaga shi a haske, ga ƙashin baya ya lanƙwashe kamar lauje. Tsoro ya kama ta sosai.

"Likita, yanka ta za ku yi?"

"A'a. Kun zo da wuri, tana kan girma. Wata riga ce mai tauri za a auna mata, ta riƙa sawa a ciki don ta tare lanƙwasar. Da an ƙara jinkiri, da maganar tiyata muke yi."

"Riga?" Dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba. "Faɗuwa ta zo daidai da zama! Kai ka yi ta ciki, ta waje ka bar min."

Suna isa gida ta jawo rigar makarantar Auta, ta sa reza ta farke kafaɗar. Soson ya faɗo ƙasa.

"Umma, kowa zai ga a karkace nake fa."

"Su gani, 'yar nan. Wadda ta tambaye ki, ki ce ta je wajen nas."

Da yamma wata maƙwabciya ta kawo rigar 'yarta, wai gefe ɗaya yana jan ƙasa, a ɗan daidaita mata. Mai ɗinki ba ta ko karɓi rigar ba.

"Ajiye ta," ta ce. "Kira min yarinyar."