Wani Yaro a Littafin Hajiya Kubra

Sana'ar Fadila gyaran rubutun mutane ce. Duk tsohon da ya aje aiki a Dogon Dutsi ya ga rayuwarsa ta isa littafi, ita yake nema, ta koya masa inda zai fara, ta kuma hana shi cika ƙarya. Ta sha fama da masu taurin kai, amma Hajiya Kubra, tsohuwar ungozomar Matankari, ta fi su duka.

Zaidu, ɗan Hajiya na fari, shi ya ɗauko Fadila aikin. Babban ɗan kasuwa ne, gemu har ƙirji, amma ya yi ƙasa da murya kamar mai roƙon gishiri.

"Malama, tunda nike ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Ki sa ta rubuta shi, ko sau guda."

Fadila ta ce wannan ai mai sauƙi ne. Ba ta san wadda ta tara ba.

Hajiya ta rubuta sunan kowa. Ta rubuta autarta Mubaraka, da direban da ya jefa su rami a hanyar Lugu, har da wata akuya mai suna Ta-Sallah wadda ta samu shafi biyu. Zaidu kuwa sai "wani yaro".

"Hajiya, mai karatu zai ruɗe. Wane yaro?"

"Ke ɗiyar nan, ba ki da kunya? Ɗan fari za ni kama suna, a littafi, duniya ta gani?"

"To mu sa harafin farko kawai."

"Harafin ba nashi ba ne?"

Fadila ta yi lallashi, ta kawo misalai daga littattafan Faransanci. Hajiya ta ce Faransawa su ji da nasu ɗiyan, ta tura mata kwanon fura.

Ranar da Zaidu ya zo ganin aiki, Fadila ta miƙa masa takardun, kunya ta ishe ta, don akuya ta samu abin da ta kasa samo masa. Ya buɗe, ya karanta a fili, fuska a murtuke:

"Da ƙyanda ta kama wani yaro, surukata tana wurin, ba halin in ɗauke shi. Sai na ce tsintsiya nake nema, na yi ta shiga ɗakin har ta ce ko aljanu sun taɓa ni."

Ya juya shafi.

"Ranar da wani yaro ya ci jarrabawa, na zaga bayan rumbu, na cusa zane a baki na yi guɗa."

Ya yi ta juyawa. Kusan ba shafin da yaron nan bai leƙo ba. Akuya dai ta mutu tun a babi na uku.

Fadila ta ɗauki jan biro. "Alhaji, ko in sa sunan da hannuna? Hajiya ba ta iya karanta ƙananan haruffa."

Zaidu ya dafe takardun da tafin hannunsa, yana goge ido da hannun riga.

"Bar shi, Malama. Kar ki taɓa mata yaronta."