Matan da Suka Ƙi Sukari

Yayata Dorcas ba ta iya zama wuri ɗaya, amma abin ya ta'azzara ne shekarar da Phibba ta fara yi mata wanki. Phibba 'yar Jamaika ce. Wani attajiri ya zo da ita garinmu Sheffield tana masa raino, da ya tashi komawa ta ɓuya a unguwarmu ta maƙera masu wasa wuƙaƙe. Yatsu biyu ne a hannunta na hagu, injin matse rake ya cinye sauran. 'Yarta Juba tana can Jamaika a gonar rake, baiwa.

Ranar da Dorcas ta ji labarin, ta faɗa shagon mijinta Enoch, mai alewa, ta dafa buhun sukari.

"Maigida, wannan ya gama shiga tukunyarmu."

"To da me zan yi alewar? Da gishiri?"

"Da zuma."

"Ni dai na auro wa kaina aiki," in ji Enoch. Ya yi ta mita, amma ya sayo zumar.

Daga nan muka shiga bin gidaje, ni da ita da Phibba, muna roƙon mata su bar sukarin da ake samu da gumin bayi. Dorcas ba ta shan ruwan kowa, ba ta zama a kujerar kowa. Wasu su saurara, wasu su rufe mana ƙofa. Wata Hepzibah, mijinta na kwance ƙurar dutsen wasa wuƙa ta cinye masa huhu, ta tare mu a bakin ƙofa.

"Sannunku da tausayi! Mu wa ya bar shan sukari dominmu?"

Phibba ce ta amsa: "Gaskiyarki, 'yar'uwa. Amma in kin shiga ciki, yaranki suna nan, ba mai sayar da su."

Hepzibah ta yi tsaki ta shige. Da sati ya zagayo, sai ga ta a bayanmu, ta fi kowa baki.

Manyan garin suna da ƙungiyarsu ta maza masu adawa da bauta, su kuma cewa suke a bi a hankali. Da suka kira taro, shugabansu ya ce Phibba ta hau dandamali ta ɗaga hannun mutane su gani, shi zai yi bayani. Ta hau, ta cusa hannun cikin zanenta.

"Ranka ya daɗe, an kalle ni a kasuwa, ya isa. Ka ce a hankali. Shekara nawa 'yata za ta kai kafin hankalin ya iso?"

Ba a ƙara gayyatarmu ba.

Da majalisa ta yi dokar 'yanta bayi, aka yi ta kaɗa ƙararrawa, mazan suka yi liyafa suna yabon juna. Enoch ya dawo daga can fuska ba walwala. Ya ce bayin za su ƙara wasu shekaru suna yi wa iyayengijinsu aiki, wai koyon sana'a.

"Koyon saran rake?" in ji Phibba, ta yi wata dariya mara daɗi.

Dorcas ta riga ta ɗauki mayafinta. Na ce, "Yaya, ki bari mu ci abinci mana." Ko juyowa ba ta yi ba.

Shekara biyar muka ƙara muna bin ƙofofi kafin a soke wannan ma. Phibba ta ce za ta koma neman Juba. Ranar tafiyarta Dorcas ta bi keken dokin da Phibba ta hau, a ƙafa, har bayan gari, tana ta ba ta saƙonnin da ba su da kan gado.

Daga baya wani ɗan unguwarmu mai aikin jirgin ruwa ya ce ya ga Phibba a kasuwar Kingston ta Jamaika, tana sayar da doya tare da wata matashiya. Dorcas ta cakumi rigarsa tana tambayar sunan matashiyar. Ya ce bai tambaya ba.