Babin da Farfesa Ya Ƙi Janyewa

"Sista, dakata da allurar nan, ina da baƙo," in ji Farfesa. "Kar gobe a ce magani ne ya yi magana."

Na mayar da sirinji cikin faranti, amma ban fita ba. In je ina? Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma tun da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, ni ke duba shi safe da yamma da ɗan abin da ya rage mini na aikin jinya. Ɗakin nan littattafai sun cinye shi har bakin taga, gadon ma sai ka karkace kake isa.

Baƙon shi ne shugaban sashen tarihi na jami'ar da Farfesa ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ciki, kuma ɗalibinsa ne a da. Ya ɗosana a bakin kujera yana juya waya a hannu, turarensa har ya danne warin magani. Auta, ɗan Farfesa, yana jingine da ƙofa, kansa a ƙasa.

Duk layinmu an san maganar. Wani attajiri ne ya gina wa jami'ar ɗakin karatu, aka sa sunan kakansa, wai shi ya ciyar da gari a shekarar yunwa. Farfesa kuwa ya bi ƙauyuka da rikoda, ya zauna da tsofaffi, ya rubuta a littafinsa cewa kulle rumbuna kakan ya yi, mutane na mutuwa a ƙofar gidansa. Aka yi masa ritayar dole. Auta ya gama digiri na uku a sashen, amma zancen ɗaukarsa aiki ya shiga wani ofis ya ƙi fitowa.

"Ranka ya daɗe, ba wani abu ba ne," in ji shugaban. "Magana biyu ce a bidiyo. Ka ce an samu kuskure a babin nan, shi ke nan. Wata mai zuwa Auta ya shiga aji."

"Kuskure? Wa ya faɗa maka?"

Tambayarsa ke nan kullum. Ni ko cewa na yi tumatir ya yi tsada, sai ya tambaye ni majiyata.

"Baba, don Allah," in ji Auta. "Matata ta kusa haihuwa. Na gaji da zaman gida, na gaji da a ce mini in dawo."

Wallahi yaron ya ba ni tausayi. A gabana ya koyi tafiya. Har na buɗe baki zan ce haba tsoho, yi masa mana, sai na tuna wanda zan gaya wa, na fasa. Farfesa ya juya ya dubi shugaban.

"To, kunna."

Shugaban ya zabura har ya ture tulin mujallu, ya saita waya.

"Ban janye ko harafi ɗaya ba," in ji Farfesa. "Auta, na san kai zai shafa, ka yafe mini. Amma tsohuwar da ta gaya mini ta durƙusa a ƙofar mutumin nan da ƙanwarta a goye, aka kore su, yarinyar ta cika a hanya, ita ma yanzu ba ta duniya. In na ce ƙarya ta yi, wa zai…"

Tari ya sarƙe shi, ya zame daga kan filo. Shugaban ya kashe waya ya sa a aljihu.

"Ba ya cikin hayyacinsa. Sista, ke shaida ce."

"Ni? Hankalinsa ya fi nawa da naka a haɗe," na ce.

Auta ya taso daga bakin ƙofa. Na ɗauka fita zai yi da fushi. Sai ya ratsa littattafan, ya hau gadon, ya tallafo ubansa ya jingina shi a ƙirjinsa. Ya ciro tasa wayar ya miƙo mini, hawaye na bin gemunsa.

"Inna, riƙe mana. Baba, faro daga farko. Ɗaga murya."

Na karɓa na riƙe. Da Farfesa ya gama, na buɗe wa shugaban ƙofa tun kafin ya nema, na ce ya gaida mai ɗakin karatu.

Kwana kaɗan bayan haka Farfesa ya rasu da hantsi, ina goge masa fuska. Jami'a ba ta turo kowa ba, oho dai. Tsofaffin ɗalibansa sun cika layin har masu shaguna suka fito da bencinansu. Na yi kuka, kuma har yanzu in na tuna, haushi da kewa ne ke cika ni.

Aikin bai zo ba. Wata ƙaramar makaranta a ƙarshen layinmu ce ta ɗauki Auta. Ranar da zai fara, ina shara a ƙofar gida, na gan shi zaune a kan dakali da baƙin takalmin ubansa. Ya ɗan yi masa yawa. Ya cusa takarda a ciki, ya ɗaura igiya, ya miƙe.