Babu Netwok

A hukumarmu akwai kalmomi biyu da suka fi darakta ƙarfi: babu netwok. Da su ake tafiya ɗauko yara daga makaranta, da su ake zaman cin gyaɗa a gindin mangwaro, da su kuma ake mayar da mutumin da ya yi sammako daga ƙauye gida hannu rabbana. Ni Rumasa'u, da aka ɗauka aikin gwaji a sashen kwamfuta, ban gane haka ba. Na ɗauka matsala ce aka kira ni in gyara.

Aikin hukumar shi ne yi wa ƙananan sana'o'i rajista. Ranar da na fara, mataimakin darakta, Oga Abdulhakim, ya ce in na nuna ƙwazo za a tabbatar da ni a aiki a nan hedikwata. Abin da nake nema ke nan, ba wani ba. Na gaji da aikin da ake iya sallamar mutum da baki kawai.

A kowane bene akwai ɗan ɗaki, a cikinsa akwai akwatin ƙarfe da ake kira siwic, shi ke raba netwok ga kwamfutocin benen. Na same su cikin halin ni 'yasu. Manhajar da ke tafiyar da su ta tsufa tukuf, kowane akwati da irin tasa, kalmar sirrin shiga kuwa guda ɗaya ce, har masinja ya haddace ta. A wani ɗakin ma na tarar an zare wayar siwic an jona butar shayi. Haushi ya kama ni har na rasa wanda zan zaga.

Na zage damtse. Na ɗora musu sabuwar manhaja iri ɗaya, na haɗa su ta yadda daga teburina ina ganin lafiyar kowanne. Na rufe tsohuwar kalmar sirri, na sa wa ɗakunan kwaɗo. Na yi wa kowane bene hanya biyu, in ɗaya ta yanke ɗayar ta karɓa kafin ƙiftawar ido. Sannan, don a ga aiki, na roƙi a rataya talabijin a ɗakin jira, mai nuna kowane bene da ɗigon launi. Kore yana aiki, ja ya tsaya. Oga ya sa hannu yana murmushi, ina jin bai karanta ba.

Wata safiya ina ratsa ɗakin jira sai na ga wata dattijuwa a gaban kanta. Iyatu sunanta, shugabar ƙungiyar mata masu ginin tukwane a Ushafa, kuma na sha ganinta a kan bencin nan da jakar ledarta a cinya. Obadiah, mai karɓar takardu, ko kai bai ɗago ba.

"Mama, babu netwok. Ka dawo next week."

Ta fara ɗaure bakin ledarta, alamar ta saba. Ni kuwa na ɗaga kai na ga ɗigon benensu kore shar.

Na ce, "Akwai mana, Obadiah. Ga shi can kore."

Duk waɗanda ke kan benci suka juya suna kallon talabijin. Obadiah ya yi min wani kallo kamar na zagi uwarsa, ya ja kwamfutar, ya buga, kafin Iyatu ta gyara mayafinta takardarta ta fito. Ta riƙe hannuna tana ta sa min albarka. Daga ranar duk wanda aka ce wa babu netwok sai ya nuna bango da yatsa. Tusa ta ƙare wa bodari.

Ni ma daga ranar gaisuwa ta ƙare min. In na shiga lif sai hira ta mutu. Rita ta ofishin ma'aikata ta tare ni a matakala, tana dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Madam Netwok! Kai ka zo kashe mu ne a wannan office? Mutum ba zai huta small ba?"

Ba a jima ba Oga Abdulhakim ya kira ni. Ya sa aka kawo min lemo, abin da bai taɓa yi ba.

"Rumasa'u, aikinki ya yi kyau. Too good ma. Amma kin san office mutane ne, ba waya ba. Ba yadda za a yi abin nan ya riƙa ɗan tsayawa? Ko ranar Juma'a kawai, bayan masallaci."

"Yallaɓai, ai don kada ya tsaya aka ɗauke ni."

Ya juya biro a hannu. "Wani lokaci ana barin kaza cikin gashinta," in ji shi. Na ce masa ban iya lalata abin da na gyara da hannuna ba. Har gobe ban yi nadamar wannan magana ba, sai dai na san ita ta ci ni.

Mako bai zagayo ba aka ce ofishinmu na Kwali yana buƙatar ƙwararriya. Har tafi aka yi min a wajen mitin. Na je na tarar da ɗaki ɗaya, kwamfuta ɗaya, da fanka mai ƙara. Babu siwic, babu abin da za a jona masa. Batun tabbatar da ni kuwa aka ce fayil ɗina yana wajen Rita, in riƙa bibiya.

Na bibiya. Na taso daga Kwali na shigo hedikwata da hantsi. Talabijin ɗin ɗakin jira yana nan, amma yanzu ƙwallo yake nunawa, mutane kuma sun cika benci sun yi jugum. Ina taka ƙofar wayata ta kama netwok ɗin ofis da kanta. Da na wuce ɗan ɗakin siwic na leƙa ta gilashi, fitilun siwic suna ta ƙyaftawa, kore reras, babu ja ko ɗaya. Aikina yana nan daram, ni ce dai babu.

Na sami Rita da abin sauraro a kunne, tana kallon fim a kwamfutar ofis, hoton yana tafiya sumul ko tsayawa ba ya yi. Na gaishe ta, na ce fayil ɗina na zo dubawa. Ta zare abin kunne ɗaya, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ayya, sori Madam. Babu netwok."

Na buɗe baki, sai na waiga. Mutum uku ne a bayana riƙe da takardunsu, kowa ya sunkuyar da kai. Babu mai wucewa da zai ce ga shi can kore.

Na ce, "To yaushe zan dawo?"

Ta mayar da abin kunnenta. "Next week."